Baba Mumuni da 'Yan Kunnen Habi

Kafin masu shayi su hura wuta a bakin kasuwar Gidan Rumji, Baba Mumuni ya riga ya share rumfarsa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buzun da ya girmi rabin 'yan kasuwar. Sai ya jera kayan aiki a gabansa: 'yar masaba, awartaki, sikeli, da wani baƙin dutse sumul da ya gada wurin mahaifinsa. Maƙerin farfaru ne, na azurfa da zinariya, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kawo masa lauje gyara. Bana ido ya gaza, ya ce da an gama kaka zai naɗe buzu. Shi ya sa na ce bari a faɗi alherinsa yana ji, tunda mu ba mu iya yabon mutum ba sai ƙasa ta rufe masa ido.

A da, ranar kasuwa rumfar nan ba masaka tsinke. Matan Fulani su sauke ƙoren nono, su zare mundayen azurfar da suka yi baƙi ƙirin, ya dafa su cikin ruwan tsamiya, ya goge da toka, su fito fari fat, a yi ta shewa. Hannu na aiki, baki na karatu. Azurfa, in ji shi, baƙinta na fata ne, wanka kawai take so. Tagulla kuwa amaryar kwana biyu ce, da ta sha gumi sai ta bar wa mace kore a kunne. Amma zinariya ko a gindin randa ka binne ta ba ta tsatsa, ba ta dushewa. Ga nauyi, zobenta ya fi na azurfa mai girmansa danne tafin hannu. Ga laushi, a yi ta bugu tana bajewa kamar ganye ba ta tsage ba. In gardama ta yi tsawo sai ya goga abin a baƙin dutsen nan, ya ɗiga ruwan gwaji a kan layin da ya fito. Layin tagulla ya ɓace, na zinariya ya tsaya daram. Yanzu duk an koma kayan kanti masu ƙyallin mako guda, rumfar ta zama wurin hirar tsofaffi, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo.

Mutanen Cadakori suna da labarin da ya fi nawa. Akwai wata dattijuwa a garin, Habi, wadda aka sani da 'yan kunnen zinariya da ta gada wurin uwarta. Da Allah ya yi mata cikawa ta bar 'ya'ya biyu: Haruna, ɗan kasuwa a Maraɗi, da ƙanwarsa Lubabatu, wadda ta yi jinyarta har ƙarshe. Kafin rabon gado Haruna ya kai 'yan kunnen wurin wani mai saye a Maraɗi, aka ce masa tagulla ce. Ya dawo yana huci, ya ce Lubabatu ta musanya. Magana ta zaga gari, mata suka fara yin shiru in ta iso bakin rijiya. Har an fara batun rantsuwa da Alƙur'ani, sai liman ya ce a fara zuwa wurin Mumuni, ya rako su da kansa.

"Baba, ka duba muna," in ji Haruna, ya dangwarar da su a kan buzu. "Duk Cadakori an san Inna da zinariya. Ga abin da munka iske. Wa ke shiga ɗakinta in ba wagga ba?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Lubabatu. "Da hannuna na cire su daga kunnenta."

Tun da Baba ya ɗaga su ya ji rashin nauyinsu, amma bai tsallake ƙa'idar aiki ba. Ya goga a dutse, ya ɗiga ruwa, layin ya ɓace kowa na gani.

"Tagulla ce," ya ce.

Lubabatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba kuwa sai ya juya ɗan kunnen, ya nuna wa liman ɗan tabon da yake bugawa a bayan kowane aikinsa.

"Kuma aikina ne. Haruna, ka tuna shekarar da damina ta ƙi, da anka koma cin dusa da tafasa? Kana da ɗan wayo lokacin. Kun taɓa kwana da yunwa a gidanku?"

Haruna ya ce, "A'a, Baba."

"To, zinariyar kun cinye ta tuntuni, kai da ƙanwarka, tuwo da hura. Uwarku ta zo nan goye da Lubabatu, ta ce in saida mata su a asirce, in ƙera mata irinsu na tagulla, kada a ce ubanku ya kasa riƙon gida. Duk kaka tana kawo su in wanke, in sake musu ruwan zinariya, don kada kunnenta ya tona ta. Alkawari na yi mata ba ni faɗi. Amma in na yi shiru yau, mutuncin ɗiyarta za a binne, kuma na san wanda za ta zaɓa."

Liman ya ce bai taɓa ganin babban mutum ya yi kuka irin na Haruna ba. A nan cikin kasuwa ya durƙusa gaban ƙanwarsa yana neman gafara. Sai kuma sabuwar rigima ta tashi: tagullar da ba ta sayen tiyar gero, kowa ya ce shi zai riƙe. Da ƙyar aka raba musu ɗaya ɗaya.

Kai ne, Baba, ka riƙe sirrin mace tun 'ya'yanta na ƙanana har suka yi furfura, a kasuwar da ko akuya ta yi tari sai an ji. Kai ne ba ka taɓa kiran tagulla zinariya don daɗin bakin mai ita ba, ba ka kuma bari gaskiyar dutsenka ta danne marar laifi ba. Ɗan maƙera, jikan maƙera, mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya saka maka da abin da ba ya tsatsa. Ku kuma masu sana'a, kowa ya duba nasa dutsen gwajin, ya koyi lokacin riƙe baki da lokacin buɗe shi.

Kasuwar da ta wuce na ga Lubabatu a rumfar, ta kawo nata ɗan kunnen wanki kamar yadda uwarta ke yi. Baba bai ga fuskarta ba saboda raunin ido. Ya karɓa, ya shafa bayansa da yatsa har ya taɓa tabon, sai ya yi murmushi.

"Ɗiyar Habi," ya ce, "zauna. Wanga wanki shi ne aikina na ƙarshe."