Ƙasar Tsohon Gidan Mai

Dogo ake ce masa a wurin aiki, ko da yake ba wani tsawo gare shi ba; sandunan injin haƙa da yake saɓawa a kafaɗa ne suka ja masa sunan. Duk filin da za a yi gini, kamfaninsu ake kira ya duba lafiyar ƙasar. Shi ne mai kafa inji ya zaro ta daga can ciki, a zuba a kwalabe a kai ɗakin gwaji.

A bayan wani gidan mai ya tashi, katanga ce kawai tsakaninsu. Tun yana ƙarami ruwan rijiyarsu yake da wani maiƙo a sama. Mahaifiyarsa takan bar shi ya kwana a randa, da safe ta yaye saman da ludayi, su sha. Haka suka yi ta yi har ciwon ciki ya kwantar da ita. Likita bai ce ruwan ne ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Ranar da ta rasu gida ya cika da kuka, shi kuwa yana ta shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi. Ya jira kukan ya zo masa, bai zo ba.

Shekaru suka ja, gidan man ya mutu, aka rushe shi. Wani attajiri ya sayi filin zai gina makarantar yara. Da injiniyar kamfanin, wata mata mai yawan barkwanci, ta faɗi inda za su yi aiki, Dogo ya ce to, ya ɗaure sandunansa a mota.

Ramin farko jar ƙasa ya bayar. Na kusa da inda aka taɓa binne tankunan mai kuwa, ƙasar ta fito baƙa ƙirin, tana danƙo. Injiniya ta ja da baya ta toshe hanci.

"Wannan ai in ka ƙyasta mata ashana sai ta dafa mana shayi," in ji ta. "Kai ba ka jin warin?"

"Ba na ji."

Gaskiya ya faɗa, hancinsa ya daɗe da sabawa.

Ta ce ya huda wani ramin a gindin katanga, a ga ko man ya tsallaka wajen maƙwabta. Nan ma baƙar ce ta fito.

"Gidan wa ne nan baya?"

"Gidanmu ne. Yayata ce a ciki da 'ya'yanta."

Injiniya ta dube shi, ba ta ƙara yin wasa ba har aka tashi.

Ƙarar inji ta fito da yayar tasa. Ta zagayo ta tsaya a kansa tana kallon abin da yake ɗurawa a kwalba.

"Auta, wannan ne ya ci Inna?"

"Ba ma auna wannan, Yaya. Ƙasa kawai muke aunawa."

Ya rufe kwalbar, ya goge bakinta, ya sa a akwatin ƙanƙara.

Sakamakon gwaji ya nuna man ya bi ta ƙarƙashin katanga har rijiyar. Attajirin ya yi ta faɗa, amma dole aka dakatar da ginin. Manyan motoci suka yi ta kwashe ƙasar ana kawo sabuwa. Rijiyar kuma aka ce a toshe ta, Dogo aka ba aikin. Ya kwaɓa siminti ya zuba, yayarsa tana zaune a bakin ɗaki tana sharar hawaye. Da ya gama ya wanke shebur, ya tambaye ta ko akwai sauran abinci.

Yanzu makarantar ta tashi, an shafa mata shuɗin fenti. Ƙaramar 'yar yayarsa a can take karatu. In ya je ɗauko ta, yakan tsaya a bakin ƙofa cikin iyayen yara, ta fito ta miƙa masa jakarta, su kama hanya.