Orval da Robar Bota

Orval Tackett ya yi aikin gyaran famfo a wani ƙauye a kudancin Ohio har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki, abokansa suka koma kamun kifi, shi kuwa ya kamu da son wani ɗan faɗa-wuta, ƙwaron da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wanda tsutsarsa ke naɗe kanta a ƙarƙashin ɓawon bishiyar sikamo. Burinsa bai wuce ya ga ƙwaron da ransa ba, ya gaji da kallon hoto.

Kullum yana bakin rafi yana ɓamɓarar ɓawo. Abin da ya samo sai ya zuba a tsohuwar robar bota ya tura firji, don sai sun sha sanyi suke ƙyanƙyashewa. Matarsa Lurleen kuwa duk ragowar abincin gidan a irin robar take zubawa.

"Tsoho," ta ce, "ranar da tsutsarka ta ba ni kunya, kai da firjin nan har abada."

"Haba 'yar gari, ko motsi ba sa yi. Sun fi ƙannenki natsuwa."

Da sanyi ya wuce ya fito da robarsa ya ajiye a kan teburin kicin ta sha ɗumi. Ranar Lahadin da kowa ke kai girkinsa coci a ci tare, Lurleen ta makara, ta suri roba, a zatonta kwaɗon dankalinta ne.

Fasto ya gama addu'a, matar faston ta buɗe murfin robar. Sai ga bayin Allah 'yan faɗa-wuta sun tashi, ashe sun ƙyanƙyashe da safen nan. Mata suka hau kaɗa faifan takarda, Orval na kutsawa tsakaninsu yana roƙo, "Don Allah kar a mare su, baƙi ne."

Ɗaya ya sauka a kan wainar masara. Orval ya durƙusa ya ƙura masa ido, har da ƙwalla.

Lurleen ta leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan ne? A kan wannan na kwana da tsutsa a gefen madarata?"

"Dubi ɗigon bayansa mana."

"Duba da kyau, don daga yau a gareji za ku riƙa ganawa."

A garejin suke har yanzu. Ita kuwa Lurleen, duk robar da ta kai coci, sai an fita da ita waje kafin a buɗe.