Na Zaɓa wa Ɗan Farina Jami'a Ban Tambaye Shi Ba

Edita, ina yi miki sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran wasu a wannan shafi ina girgiza kai, yau ga nawa. A lokacin da abin ya faru, ni mace ce da ta yarda da lambobi fiye da bakin mutane. Akanta ce ni a wani kamfani a Birmingham, muna zaune a Perry Barr da 'ya'yanmu uku. Maigidana injiniya ne, aikinsa kan raba shi da gida na makonni, saboda haka maganar makarantar yara a hannuna take. Ina da taurin kai, ban ɓoye ba. Idan na ga abu a rubuce, an jera shi ɗaya, biyu, uku, to magana ta ƙare a wurina, ko waye zai zo da wani bayani sai dai ya gaji ya bari.

Akwai wani abu kuma da na taho da shi daga gida ban taɓa tunanin ajiye shi ba, wato kunyar ɗan fari. A gidan da na tashi, ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunan yayanmu ba. Ba ta zama hira da shi, ba ta yaba masa a gaban mutane, in tana da saƙo sai ta aike mu. Haka na yi da nawa ɗan farin. In ina son magana da shi sai in ce da ƙannensa su gaya wa yayansu, in kuwa ya zama dole sai in ce kai, in faɗi abin da zan faɗa ina kallon tukunya. Allah ya sani ina son yaron nan har cikin raina, kuma a ganina ya san haka. Shi ma ga shi mai shiru, Turancin Birmingham a bakinsa, Hausarsa ta gaisuwa ce da neman abinci.

Da ya kai shekarar neman jami'a, na shiga kantin littattafai na sayo wani ƙaton littafi na jagorar jami'o'in ƙasar nan. A cikinsa an jera su daga ta sama har ta ƙasa, kowace da makinta. Na same shi daidai da halina. Sai na riƙa buɗe shi bayan la'asar ina bin layi da biro kamar ina duba asusun ofis. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Muna da zumuncin matan Arewa da muke yi a Sparkhill, gida-gida, kuma a shekarar nan hirar ba ta wuce jami'a. Kafin a sauke masa daga tanda an ji ta wace ce ke sama. Wata Hajiya ko sallama ba ta gama amsawa sai ta sako matsayin jami'ar ɗanta, mu kuwa mu ce ma sha Allah da baki, a zuci kuwa kishi fal. Na ƙudura a raina cewa ranar da za a zo kan nawa, ba zan sunkuyar da kai ba.

Yaron ya ci jarrabawa yadda ya kamata, jami'o'i suka ba shi gurbi, daga ƙarshe zaɓi ya tsaya tsakanin biyu. Ɗaya babba ce a yankin Manchester, tana can saman shafin farko. Ɗayar tana nan Birmingham, bas ɗaya daga gidanmu, amma sai ka juya shafi kafin ka same ta. Sunan kwas ɗin iri ɗaya ne a duka biyun, kimiyyar da ta shafi gwajin jini da cututtuka, don na san dai yana son aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. A wurina babu abin tattaunawa. Na zagaye ta Manchester da jan biro, na naɗe gefen shafin, na ajiye littafin a kan gadonsa lokacin yana makaranta. Wannan ita ce duk shawarar da na yi da ɗana a kan rayuwarsa.

Bai zo wurina ba. Wajen ƙanwata ya tafi, wadda yake kira Anti, da ke aure a Sparkhill kuma ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba. Ita ce abokiyar hirarsa. Wata Asabar muna zaɓar attaruhu a wani kanti a Stratford Road ta kawo mini saƙon. Ta ce yaron nan fa ya fi son ta nan kusa, wai akwai wata magana ta rajista da shekarar koyon aiki a asibiti, ya yi mata bayani da Turanci mai yawa ba ta riƙe duka ba. Ban ma bari ta ƙarasa ba. Na ce rajistar me, lalaci ne kawai, ba ya son rabuwa da tuwon gida da abokan ƙwallonsa. Na ce ta gaya masa ban bar ƙasata da dangina na zo ina shan sanyi don ɗana ya shiga jami'ar da ke bayan shafi ba. Ba ta ja da ni ba, don ni ce babba. Da na gaya wa Abbansu a waya, ya ce duk yadda na gani daidai ne. Bayan kwana biyu ƙanwata ta ce ta isar, kuma yaron ya ce to.

Haka ya tafi Manchester. A zumuncinmu na faɗi sunan jami'ar a hankali, kamar ban damu ba, na ga yadda Hajiyar nan ta gyara zama, na ji daɗi har ga Allah. Ya yi karatunsa bai taɓa faɗuwa ba, ya fito da sakamako mai kyau. Ranar bikin kammalawa na sha leshi, na ɗauki hotuna na watsa wa dangi har na ƙauye. Ko a ranar ban iya tsayawa kusa da shi a hoto ba, sai da na sa ƙannensa a tsakaninmu.

Bayan nan sai shiru. Ya kama ɗaki a wani gidan haya a Salford, kusa da Manchester, tare da wasu samari, ya rage zuwa gida. Duk sanda na tambayi ƙanwata sai ta ce yana nan yana neman aiki. Na ɗauka halin ƙasar ne, na riƙa yi masa addu'a. Aka ci shekara, aka shiga ta biyu. Wadda ta fasa mini ƙwan ita ce ƙanwarsa mai bi masa. Muna dawowa daga wajen likita a mota, na yi ƙorafin cewa yayansu ya cika sanyin jiki wajen neman aiki, sai yarinyar nan ta juyo ta wanke ni tas, irin yadda yaran nan suke magana ba kwana-kwana. Ta ce digirinsa ba ya cikin waɗanda hukumar masu wannan sana'a ta amince da su don aikin asibiti, na masu son bincike ne. Kafin a yi masa rajista sai ya ƙara wasu darussa, sannan ya sami asibitin da zai karɓe shi horo, kuma gurbin horon ya fi komai wuyar samu ga wanda ya zo daga waje. Kwas ɗin nan Birmingham da na raina shi ne mai amincewar, da horon a cikinsa. Ta ce ya san haka tun farko, shi ne abin da ya aiko Anti ta gaya mini.

Na tsayar da mota a gefen hanya na gama sauraronta. Da muka isa gida na lalubo littafin, na bi layin nan da na haddace. Akwai makin bincike, akwai na gamsuwar ɗalibai, akwai na yawan malamai, amma babu inda aka ce wannan kwas zai kai ɗanka inda yake son zuwa. Jami'ar ma ba ta yaudari kowa ba, ta rubuta a shafinta na intanet ƙarara, ni ce ban duba ba.

A makon na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na shiga tram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Salford, ana yayyafi. Muka haɗu a wani shagon shayi kusa da bakin ruwa lokacin hutun rana na wani aiki da ashe yake yi. Tun da na haife shi ban taɓa zama ni da shi kaɗai muna fuskantar juna ba, har na rasa inda zan sa idona. Na daure na tambaye shi me ya sa bai zo ya same ni da kansa ba. Ya ajiye cokalin shayinsa. Sannan ya ce ya yi niyya sau da yawa, har bakin ƙofar kicin yakan zo, amma bai san ta inda ake fara magana da ni ba. Ya ce kuma da ya ga littafin nan mai zanen jan biro a kan gadonsa, ranar ce ya fara ganin alamar na zauna na yi tunaninsa shi kaɗai, sai ya kasa mayar mini da shi. Na tambayi abin da ya sa yake son aikin tun asali. Ya ce tun suna ƙanana, duk sanda sikila ta tayar wa ƙanwarsa muka kwana biyu a asibiti, yakan ga muna zaune jugum muna jiran sakamakon jini, sai ya riƙa cewa a ransa wata rana shi ne zai kasance a ɗakin gwajin da ake jira. Ina gidan, ina asibitin, ban taɓa sani ba.

Na yi kuka a gaban Turawa ban damu ba. Na ce ya koma ya yi darussan, ko me ake bukata ni zan ɗauka, zan bi duk wanda na sani a asibiti. Ya yi murmushi ya ce Umma ki bari. Ya ce ya gwada, ya yi aikin jera kwalaben jini a ƙarƙashin waɗanda suka shiga jami'a a bayansa, ya nemi gurbin horo har ya gaji, yanzu abin ya fita daga ransa. Yana aikin shigar da bayanan kwastomomi a wani kamfani, yana biyan haya, alhamdu lillahi. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya raka ni tasha da lemarsa ya koma aiki.

Na yi tunani mai yawa tun daga ranar. Ban ce al'adarmu mummuna ba ce. A gida, uwa tana kawar da kai ne don akwai kaka, akwai goggo da kawu, gida cike da masu jan ɗan fari a jiki su ji damuwarsa. Ni na ɗauko kunyar na zo da ita Ingila, na baro mutanen da ke cike gurbin, sai yaro ya tashi tsakanin bango huɗu babu mai tambayarsa. Iyaye 'yan'uwana da ke ƙasar nan, littafin jagora yana da amfani, amma bai san ɗanku ba, kuma matan zumunci ba su ne za su yi rayuwar ba. Ku bincika ko kwas ɗin yana da amincewar masu sana'ar, ku je ku ga wurin, sannan ku zaunar da yaron ku tambaye shi da bakinku, ba ta bakin ɗan aike ba. In ɗanku mai ladabi ya ce to, kada ku ɗauka ya yarda.

Da sallar da ta wuce ya zo gida da jakar tsofaffin kaya, ya ce in haɗa da waɗanda nake aikawa gida sadaka. Ina warewa na tarar da farar rigarsa ta ɗakin gwaji a ciki, a wanke, a goge, an ninke ta da kyau. Na aika sauran. Ita kam na kasa, tana nan a cikin durowata.