Ɗaya Mai Gudu, Ɗaya Mai Karatu

Ni ban yi uni ba, wato jami'a, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya zo yana tambaya. Na gama sakandare daidai lokacin da aka ƙara kuɗin makaranta, na duba na ce a'a. Na kama aiki a wani kemis da ke Stockport Road, nan unguwar Levenshulme a Manchester, ina tsaye bayan kanta ina sayar da maganin tari da man shafawa. Shekarun yanke-yanke ne. Yau a ce council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin wasan yara, gobe a ce an rage lokacin buɗe laburare. Shi ya sa idan mutum ya zo yana murmushi yana ce min ga alheri, sai in fara duba bayansa.

Yara biyu gidanmu ya tura Birmingham a shekara ɗaya, uni ɗaya. Na farko ƙanena ne, Auta, mai gudu. Tun yana firamare ba ya tafiya irin ta mutane, ko aikensa aka yi sayen burodi sai ya ruga. Uni ta ɗauke shi cikin 'yan wasanta. Na biyu ɗan Gwaggo ne, ɗan ƙanwar Baba, da aka kawo daga Kano yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsa, ya girma a hannunmu har takardunsa suka zama irin namu. A kan abu ɗaya Gwaggo ta ba da shi: ya yi digiri na injiniya irin na Baba. Shi kaɗai gare ta. Duk wayar da za ta bugo, kafin ta tambayi lafiyarmu sai ta tambayi karatunsa. Baba kuwa ba ya ce masa ɗana, amanata yake cewa.

Kafin su fara, uni ta kira iyayen 'yan wasa taro. Muka je ni da Baba da Mama. Wani dogon mutum cikin kayan motsa jiki ya tsaya gaban allo yana bayani, ya ce kada hankalin kowa ya tashi, a wurinsu 'yan wasa sun fi sauran ɗalibai kammala digiri. Ya nuna zane mai kala biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Iyaye sai gyaɗa kai suke.

Na ɗaga hannu. Mama ta riƙe min gefen mayafi, na fizge.

Na ce, "Idan yaro ya ji ciwo a ƙafa kuka cire shi daga wasa, daga baya ya bar makarantar, a wace kala kuke saka shi?"

Ya ce wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai. Ya yi magana doguwa, da goyon baya, da kulawa, da kowane ɗalibi daban ne. Har ya gama ban ji kalar ba. Mama ta mintsine ni a cinya ta ce, "Ke dai ba a zuwa da ke ko'ina."

A jirgin ƙasa muna dawowa Baba ya ce shi ma bai yarda ba. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke gudu safe da yamma kuma ya zauna ya riƙe littafi ba. Amma ba Auta ne damuwarsa ba. An kama musu flat ɗaya, ɗan gidan haya, a unguwar Ladywood, tsoronsa kada Auta ya riƙa tara abokan gudu suna surutu da kiɗa, su ja masa amanarsa. Sai ya juyo wajena.

"Ke da ba a iya yi miki wayo, ranar hutunki ki riƙa leƙa su. Ki sa ido a kan ƙaninki."

Ranar hutuna Laraba ce. Mama ta cika min jaka da miya a roba, da dambun nama, da yaji, in hau jirgi in sauka Birmingham da azahar.

Kullum abu ɗaya nake tararwa. Auta ba ya nan. Takalmansa dai suna nan birjik a bakin ƙofa suna wari. Ɗan Gwaggo kuwa yana zaune a teburi, littattafai a buɗe, ga kwamfuta. Idan na tambaye shi ina Auta sai ya ce ai Laraba da rana ba a lacca a uni, ranar wasanni ce, suna can suna tsere. Wannan gaskiya ne, na bincika da kaina don ban yarda da shi ba.

Ni da ɗan Gwaggo taubasai ne, ɗiyar namiji da ɗan mace. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana a miƙe ba, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Ina shiga zai ce, "Baiwata ta iso da kayan gara. Ajiye can, ki wanke kwanuka."

"Bawa ba ya magana sai an tambaye shi. Ya karatu?"

"Karatu? Ai ni nake koya wa malaman yanzu."

"Da wannan kan naka kamar ƙwarya?"

"Ke me kika sani? Mai sayar da panadol."

Wata rana ma ce min ya yi, "Ni fa na daina zuwa, barci ya fi daɗi." Na jefe shi da lemo. Da na koma gida na ba Mama labari, ta yi dariya har da hawaye ta ce wannan yaro ba ya rabo da tsokana. Haka muka ci shekarar farko muka shiga ta biyu.

Auta ne ya tsaya min a rai. Duk ranar da na same shi, idonsa a rufe yake rabi, ga shi ya rame. Idan na ce ina littattafanka sai ya ce suna can. Can ina? Can. Sakamakonsa kuma yana fitowa ba laifi, wannan ya ƙara min zargi. Na ce wa Mama ko dai ba su maki kawai ake yi don su ci gaba da ciyo wa makaranta kofi. Ta ce in ji tsoron Allah.

Ban ji na huta ba sai da na bi shi. Wata Laraba aka soke tserensu saboda ruwa, ya ce min zai wuce karatu. Na ce mu je. Ya ce, "Yaya, are you serious?" da wannan Turancin nasu na Manchester da ake haɗiye rabin harafi. Na ce sa takalminka.

Ɗaki ne a bayan wurin motsa jikinsu, an jera tebura. Ƙattan yara maza da mata zaune shiru kowa da aikinsa, wani har da ƙanƙara ɗaure a gwiwa. A bakin ƙofa wata mata ce mai gilashi, kowa ya shigo sai ta kira sunansa ba tare da ta duba komai ba. Ta ce wa Auta, malaminsa ya ce bai ga aikinsa na makon jiya ba, ina yake? Ya fara inda-inda. Ta ce idan bai miƙa ba kafin Juma'a, koci zai ji, kuma ba zai taka fili ba. Na ga ƙanena, wanda ko Baba ba ya sa shi rawar murya, yana cewa sorry sau uku.

Da muka fito na ce, "Kullum haka take?"

"Lacca ɗaya na taɓa fashi, kafin la'asar an bugo min waya. Kamar gidan yari."

"To yaron nan da ka ce ya tsinke jijiya bara, yana ina?"

Ya ce an cire shi daga cikinsu, ya daina zuwa ɗakin, daga baya shi Auta ya daina ganinsa gaba ɗaya.

"Ya gama?"

"Ban sani ba, Yaya."

"A wace kala aka saka shi?"

"Wallahi kin fiye naci."

Ya kuma faɗa min da bakinsa cewa tun farko an so ya koma wani kwas da ba ya cin karo da lokacin atisaye, ya ƙi, amma da yawa sun koma. Don haka ban fasa zargina ba, har yau ban fasa ba. Na dai ga cewa shi akwai mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Bayan nan aka sallami wata abokiyar aikina a kemis, aka rikita mana ranaku, hutuna ya koma Litinin. Ban gaya wa yaran ba, ba don wata dabara ba, mantawa na yi. Na hau jirgin safe na isa Ladywood da hantsi. Ina da makulli, na buɗe na shiga, ina cewa zan zuba miya a firji in gyara musu wuri kafin su dawo.

Ɗan Gwaggo yana kwance a kujera da jallabiya, bargo har wuya, talabijin na yi ba murya. Teburin babu komai sai kofi. Littattafan suna cikin kwali a ƙarƙashin taga.

Ya zabura, sai kuma ya saki fuska. "Kai, baiwa ta zo ba sallama. Wa ya aike ki yau?"

"Yau Litinin. Ba ka da lacca?"

"An soke."

"Wace?"

"Ke kin san sunayensu ne? Je ki kawo min shayi."

Na kashe talabijin. Na ce, "Kalle ni. Ba wasa nake ba. Na ajiye wasan a waje. Yaushe rabonka da shiga aji?"

Bai taɓa jin na yi masa magana haka ba, ni ma ban taɓa ba. Ya nemi abin da zai tsokane ni da shi ya rasa. Ya zauna ya ja bargon ya rufe ƙafafunsa.

Ya ce tun shekarar farko lissafin ya fi ƙarfinsa. Ya faɗi jarrabawa, ya sake da rani a ɓoye, ya haye da ƙyar. Shekara ta biyu ya shiga aji ya ji kamar da wani yare ake magana. Ya yi fashin kwana ɗaya, ba abin da ya faru. Ya yi na mako, ba abin da ya faru. Malamin da aka ce shi ne mai kula da shi ya bar aiki, aka ba shi wani, shi kuma bai san fuskarsa ba. Ya taɓa zuwa ofishin ba da shawara aka ce layi ya yi tsawo, ya jira a kira shi. Saƙonni sun zo ta email, irin wanda ake tura wa kowa, ya daina buɗewa.

"Muna da yawa a ajin nan, Yaya. Ko na je ko ban je ba, kujera ce kawai."

"Yaya" ya kira ni. A rayuwarsa bai taɓa ba.

Na ce, "To Laraba fa? Littattafan?"

"Na san kina zuwa."

Raina ya ɓaci. Na ce Auta ya sani? Ya ce Auta yana fita da asuba, ya dawo ya faɗi kamar gawa, bai sani ba. Na kira Auta a waya nan take. Ya ce ya dai ga alama amma ba ya son shiga abin da ba nasa ba. Ko ya sani sarai ya rufa masa, ko da gaske alama ce kawai, ban taɓa samun gaskiyar ba. Na kashe wayar.

Ɗan Gwaggo ya ce in ba shi lokaci, zai gyara, kada in faɗa wa Baba. Na ce lokacin da ka samu me ka yi da shi? Tashi ka sa kaya. Ya ce ina za mu? Na ce Manchester. Miyar ma a kan teburi na bar ta.

Muka hau jirgi muka koma gida. Muka tarar Baba ya dawo daga aiki yana alwala. Na ce, Baba, ga shi zai yi maka bayani. Na tsaya a bakin ƙofa don kada ya sauya zancen. Bai sauya ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, bai yi faɗa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Shi Autan ne ya hana ka karatu?" Ya ce a'a, Kawu, ko kusa.

Baba ya yi ta zirga-zirga zuwa Birmingham. Aka ce shekarar ta riga ta tafi, amma zai iya maimaitawa. Ɗan Gwaggo ya ce ko an mayar da shi ba zai iya ba, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Saura a gaya wa Gwaggo. Baba ya yi ta ɗagawa, yau ya ce layi ba kyau, gobe ya ce ba ta da lafiya. Wata Asabar bayan azahar na ɗauko wayar na danna lambar na miƙa masa. Mama ta ce, "Ke!" Amma wayar ta riga ta shiga.

Muna jin muryar Gwaggo daga inda muke zaune. Kamar kullum ta fara, "Yaya, ya karatun yaron?"

Baba ya gaya mata duka, bai rage ba, bai ɗora wa kowa ba. Ya ce, "Ni kika ba, kuma ban kai miki ba."

Baba ya duba wayar ko ta katse. Sai ta ce, "Yana kusa?"

Ɗan Gwaggo ya karɓa da hannu biyu. Ba mu ji abin da ta ce masa ba, don ya manna wayar a kunne ya juya mana baya. To kawai yake cewa. To, Umma. To. Da ya gama ya ajiye wayar a kan kujera ya ce wa Baba, ta ce a sa shi a jirgin Kano bayan Sallah, tana son ganinsa.

Baba ya ce, "Ta ce ka dawo nan daga baya?"

Ya ce, "Ba ta ce ba."