Ɗakin da Ɗana Ya Kama Mini a Sama

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu, ni da surukata matar ɗana, bayan na rufe ɗakin mijina Malam na yi kukana kamar kullum. Tun rasuwarsa ɗana yake roƙona in koma Damazin, ya kama mini ɗaki a wani bene da ake ginawa. Ni kuwa ina budurwa ƙasa ta taɓa girgiza da mu, na ga tulu yana rawa shi kaɗai, tun ranar na ce ba ni ba kwanan sama. Ya ce in zo in gani da idona, in ban yarda ba ya bar maganar.

A Sinja muka tsaya cin ful, wato dafaffen wake, da shayi. Tsadarsa ta sa na suɗe kwanon tas. Hanya duk ramuka, bas yana ta watsa mu, har surukata ta ce ga girgizar ta tarye mu tun ba mu isa ba.

Da muka isa Damazin ɗana ya kai mu wurin. Ginin ginshiƙai ne tsirara, ko bango babu. Muhandis ɗin, wato injiniyan ginin, mace ce, Bahausa, amma rabin Hausarta Larabci. Ta nuna mini igiyoyin ƙarfe da aka zura cikin siminti, inji ya ja su har su ɗame, sannan a ƙulle bakin. Ta ce in ƙasa ta motsa ginin zai yi lilo ya koma mazauninsa, igiyar na riƙe da gaɓoɓinsa.

Na ce, "Ɗiyata, ashe angarib kuke yi."

Haka Malam yake wa gadonmu na igiya kowace kaka, ya dafe da ƙafa, ya ja, ya ɗaure, sai gadon ya daina ƙara. Nan hawaye suka zubo mini a gaban leburori. Da na share, na tambaye ta ko ta tabbata ba zai faɗi ba.

"Wannan na Allah ne, Inna. Mu dai mun ja iyakar ja."

Da rantsuwa ta yi mini, da ban yarda ba. Na hau matakala ɗana na riƙe da hannuna, na hango kogi daga inda tagata za ta kasance.

Mun dawo gida lafiya, na shaida wa maƙwabta in an yanke dawa zan tashi. Na gane hankalina ya fi kwanciya da wanda ya faɗa mini iyakar abin da ya iya. Awakina ne ban san yadda zan yi da su ba, don ɗana ya ce benen zai jure girgizar ƙasa amma ba zai jure su ba.