Akwatin Lawali da Firjin Zurmi

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar aminina Lawali, malamin lantarki a Ƙaura Namoda. Har yau in na buɗe firjin magani sai ya faɗo mini a rai.

Lokacin jiharmu tana sabuwa, an fara Shari'a, kowa na ɗokin gyara. Ni ke kula da allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti a Zurmi. Lawali ya haɗa mana wani ɗan akwati mai auna sanyin firji yana aika wa kwamfuta ta waya. Shi ya rubuta umarnin da kwamfutar ke bi wajen magana da akwatin.

Ranar wata kasuwa na buɗe firjin na ji ɗumi, alhali kwamfuta na cewa lafiya lau. Allurar duka ta lalace. Mata sun yi sammako daga ƙauyuka da goyo, na sallame su haka nan. Da baƙon dauro ya shigo a bazarar, wasu yaran ba su tashi ba.

Lawali ya zo ya duba akwatin da kwamfutar.

"Laihina na, Bello," ya ce. "Kwamfuta ta tambaya, ba ta jira akwatin ya amsa ba. Waya ta saki, ita ko tana ta maimaita tsohon lissahi."

Na ce ƙaddara ce. Ya ce ƙaddara ba ta hana ɗaure raƙumi. Ya sake rubutun: kowane saƙo sai an amsa kafin na gaba ya tafi, in aka ji shiru ƙararrawa ta buga. Akwai irin akwatin a Shinkafi, ya ƙi jiran gobe, ya kama hanya don ya gyara shi. A wannan hanyar motar da ya shiga ta kife, nan ya rasu.

Yau asibitin a rufe yake, 'yan bindiga sun watsa ƙauyukan. Ban san abin da zai ce ba in ya ga haka. Ina jin zai nemi abin da zai iya gyarawa ne.

Bai bar gini ba, bai bar littafi ba. Amma na shekara talatin ina aiki, na ga ɓarna iri-iri, kuma mutum ɗaya tak na taɓa ji ya ce shi ne ya yi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan yaran nan.