Ranar da na toshe bakin kwamfutar Malam

Shekaru da yawa ke nan, ana saura kaɗan soja su miƙa mulki, Allah ya karɓi ran maigidana. Ni ban san biro ba, faɗa nake ana rubuta mini.

Shagon buga takardu gare shi a Sabon Garin Gusau. Bayan sadakar bakwai aka kwaso kwamfutarsa aka ajiye a ɗakin da nake takaba. Malam ba ya son hoto. Ɗaya tak ya taɓa ɗauka, na fasfon Hajji, takardar ta ɓace, saura wanda ya saka a cikin injin.

Kafin ɗiyata ta koma gidanta a Bunguɗu, ta nuna mini wata 'yar tsaga a jikinsa. Ta ce, "Inna, nan ne rauninsa. Duk faifan da aka zura masa, buɗewa yake ya karanta, ba ya tambaya. In mai cuta ne, komai zai share, har hoton Baba."

Kwanaki kaɗan sai ga ƙanen Malam daga Tsafe, da faifai a aljihu, zai buga katin ɗaurin auren ɗansa. Da can abokin wasana ne.

Ya ce, "Matar Yaya, ɗaga mini mayafin nan da aka rufe injin da shi, yanzu in gama."

Na ce, "Ina faifanka ya kwana?"

"Ikon Allah! Yau kuma ke ce injiniya? Ke da rediyo ma sai an kamo miki tasha?"

"Ko ban iya ba, ba za a saka ba."

Mai takaba ba ta ɗaga murya, don haka na ja tabarmata gaban injin na zauna, ina jan carbi, hawaye na zuba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Yana fita na narka kakin zuma na liƙe tsagar.

Da na fita takaba ɗiyata ta zo, ta ga aikina, ta riƙe baki. Yini guda ta yi tana ƙwaƙule kakin da tsinke tana mita. Da la'asar ta haɗa injin da na'urar bugawa, ta sa a buga hoton, takarda ta fara fitowa a hankali, hula tukuna, sannan goshi, sannan idanun nan nasa. Na rungume ta da ɗuminta.

Har yau ban sani ba ko faifan nan yana da cuta. Wataƙila lafiyarsa ƙalau, kuma ƙanen Malam ya shekara bai tako gidana ba, abin ya yi mini ciwo. Amma ko yau aka sake, zan zauna a wurin. Ranar da ya dawo, bai gaishe ni ba ma, ya tsaya gaban bangon da na rataye hoton ya daɗe, sannan ya ce, "Matar Yaya, a buga mini ɗaya."